Wayar Kawu Tana Cikin Akwati

Na Allah ne mu, wurinsa muka dosa, kuma ranar Talata da hantsi Kawu ya riga mu isa. Yayan mahaifiyata ne. Shi ya riƙe ni tun ina ƙaramin ɗan lakwal, wato ɗan firamare, kuma daga baya muka zama abokan aiki a wata makarantar koyon aikin jinya a nan Gaya, shi tsohon hannu, ni sabon shiga mai rawar kai. Ya gama darasin safe, ya ce kansa na sarawa, ya nemi ruwa. Kafin a kawo masa ya zame daga kujera. Bayan azahar muka kai shi makwancinsa.

Ban san Kawu yana da jama'a haka ba sai da muka zauna zaman makoki. Na yi tsammanin malamai da dangi. Sai ga direbobin tasha, ga masu kwale-kwale da ƙafafunsu duk laka, ga tsofaffin ɗalibansa da ke aiki a ƙananan asibitocin ƙauye sun taho a kan kabu-kabu, wasu ko farar rigar aiki ba su tsaya cirewa ba. Wani tsohon direban hanyar Bana ya riƙe hannuna ya ƙi saki.

"Wanga mutum ya maishe ni ɗan aike shekara da shekaru," in ji shi. "Kullum Jumma'a sai ya ba ni ƴar takarda a naɗe, ya ce in kai wa wane. Ni ina cewa laya ce. Ashe karatu na nike ɗauka."

Aka yi dariya kaɗan, irin ta gidan mutuwa wadda ba ta nisa. Ni ban yi ba. Kwana goma sha biyu ke nan da na ɗaga wa Kawu murya a gaban mutane, kuma har ya bar duniya ban je na durƙusa na ba shi haƙuri ba. Gaisuwar safe kawai ke haɗa mu, ita ma a tsaitsaye. Duk wanda ya ce mini "ya haƙuri" sai in ji kamar ya san abin da na yi.

Washegari Laraba da safe wani mutum ya shigo rumfa, dogo, baƙi, hannuwansa duk kanta. Ya gaida jama'a da Zabarmanci, "Fonda tilas," sannan ya tambayi wanda ke riƙe da ordinater, wato kwamfutar makaranta. Aka nuna masa ni. Ya ja ni gefe, bayan tulunan ruwa. Masunci ne, Hausarsa ta kasuwa ce, a hankali yake ɗora kalma kan kalma. Ya ce shi ne mijin wata ɗalibarmu ta shekarar ƙarshe.

"Tana gidansu, gaba da Bengu," in ji shi, idonsa a ƙasa. "An samu baƙo. Kwana talatin da takwas yau."

Na gane. Haihuwa ce, kuma ta fari, shi ya sa ko shi bai iya faɗinta kai tsaye ba.

"Ba mu hwaɗa mata Malam ya rasu ba. Uwatta ta ce a bari ta gama wanka, kada nono ya ɗauke. Amma kullum tambaya take. Malam ya ce mata ranar Alhamis za a kai sunaye Doso, sunanta zai shiga. Shi na zo in ji. Ya shiga?"

Bai shiga ba, kuma ni na fi kowa sani, don ni na ƙera abin da ya cire shi. Gobe Alhamis motar sha biyu za ta tafi da lis ɗin masu jarrabawar ƙasa. Wanda sunansa bai bi motar nan ba sai wata shekara, kuma mace mai goyo da ta koma gida ba da takarda ba, mun sha gani, ba ta dawowa. Shekara uku ta karatu ke nan a banza.

Sai na koma baya kaɗan, don a san yadda muka zo nan, kuma a san wane ne Kawu.

Ciwon makarantarmu ɗaya ne tun asali: ɗalibai suna shiga da yawa, suna fita kaɗan. Lokacin yankan shinkafa aji ya rage. Lokacin saran rake ya ƙara raguwa. Tun da harkar ƙetare iyaka ta koma kan kwale-kwale kuwa, saurayi yana ganin abokinsa na samun na kansa a bakin ruwa, sai ya ce bari ya je sati ɗaya, shi ke nan an rabu. Sauran malamai sun ɗauki abin kamar ruwan sama, in ya zo ya zo. Kawu ne kaɗai abin ke hana shi cin abinci.

Tun kafin in dawo daga karatu a Yamai ya fara nasa maganin. Bayan la'asar sai ya zauna ƙarƙashin mangwaron gidansa ya maimaita darasin ranar cikin waya, da Faransanci tukuna, sannan ya warware da Hausa, inda ya ga wuri mai wuya ya ƙara da Dendanci. Da fari a ƙaramin katin waya yake zubawa, ya naɗe a takarda ya ba direbobi. Da wayoyi suka yawaita ya koma aika saƙon murya. Kuma ba kyauta yake bayarwa ba. Duk wanda ya ji darasi sai ya amsa tambaya ɗaya kowane mako, da bakinsa, shi kuma ya saurara ya mayar da gyara. In ka ji shi a tsakar gida yana faɗa shi kaɗai, "A'a, a'a, jijiya daban, tsoka daban, kai ko mahauci ya hi ka sani," to da wani yake can cikin fadamar Bana.

Ya san ƙasar nan ta fuskar rezo, wato sabis na waya, kamar yadda masunta suka san ruwa. Ya san ƙauyen da waya ke tsallakewa ta kama layin Benin, da wanda take kama na Najeriya, da wanda ba ta kama komai. Ɗalibi bai isa ya ce masa "ba rezo" ba. Zai ce, "Hau tudun bayan masallacinku, ka juya wa kogi baya, ina jira." Kuma in ya hau sai ta kama.

Da na dawo da ordinater da girman kai, na haɗa wa makaranta rajistar zamani. Ɗalibi ya yi fashin kwana biyu, saƙo zai je wayarsa da kansa, a tambaye shi dalili. Ya danna ɗaya in ciwo ne, biyu in rasuwa ce, uku haihuwa, huɗu aiki, biyar babu dalili. Tsofaffin malamai suka yi ta yi mini ba'a, wai yaron Yamai ya zo da aljani mai kiran suna. Kawu ne ya tsaya mini. Ya ɗora tabarau a kan hanci, ya zauna kusa da ni sati guda yana koyo da yatsa ɗaya, ina gyara masa yana cewa, "Sannu malam, a yi haƙuri da ɗalibi." Kowace safiya na'urar kan fitar masa da sunayen waɗanda suka fara ɓacewa, shi kuma ya bi su da kira tun abin bai yi nisa ba. Gaskiya ita ce mun dawo da mutane da yawa ta haka. A shekarar nan aka yi yankan shinkafa aji bai zama kufai ba, kuma Kawu ya faɗa a gaban kowa cewa aikin ɗan ƙanwarsa ne.

Yabon nan ne ya hau mini kai. Da aka kawo sabon direkta, mutum mai son tsari wanda ba ɗan yankin nan ba, muka ƙara doka ni da shi. Wanda ya yi mako shida yana danna biyar, sunansa zai faɗi daga lis da kansa, sai fa in wani malami ya kawo shaidar cewa yana aikin karatu duk da ba ya zuwa. Kawu ya ƙi abin tun ranar farko.

"Ta yi kira, na yarda," in ji shi. "Kora kam ku bar wa mutum mai ido."

Na ce masa mutum mai ido shi ke da son kai.

Ita wannan ɗaliba sau shida aka tambaye ta, sau shida ta danna biyar. Uku tana nan a gabanta, haihuwa, an rubuta ɓaro-ɓaro. Amma wace ƴar mutunci ce a ƙasar nan za ta ɗauki waya ta sanar da ofis cike da maza cewa ta yi haihuwar fari? Matan da ko sunan ɗan fari ba sa kira har su tsufa? Uwata da ta haife ni har yau "wancan" take ce mini in tana magana da baƙi. A gidan na tashi, na san wannan sarai, amma da na zauna gaban allo sai na manta da inda na fito. Matan ajinta duk sun san tana da ciki, ba wadda ta furta. Ni kuwa ba na kallon ɗalibai, lambobi nake kallo.

A taron malamai sunanta ya fito da ja. Kawu ya ce a bar shi, aikinta yana wurinsa, zai kawo ranar da za a rufe lis. Direkta ya tambayi dalilin fashinta. Kawu ya ce amana ce, ba zai faɗa a nan ba. A nan ne bakina ya kuɓuce.

"Kawu, na'ura ba ta san ƴar wane ba. In kowa zai zo da tasa ƴar lele ya ce amana, a rufe ordinater mu koma irin ta da."

Kawu ya cire tabarau, ya naɗe, ya sa a aljihu. Ya dube ni tsawon lokaci, ba fushi a fuskarsa, abin da ma ya fi ƙona ni ke nan. Ya ce, "To, malam." Ya tashi ya fita. Mutumin da ya koya mini ɗaura tazuge ne na yi wa haka.

Shi ne fa ranar Laraba, bayan tulunan ruwa, na tsaya gaban masuncin nan. Na tambaye shi ko amsoshin da take aikawa suna cikin wayarta. Ya ce wayar tasa ce ya bar mata, ƙarama ce, in ba a share na wancan mako ba na wannan ba ya shiga. Ba abin da ya rage. Duk abin da ta yi a mako shidan nan yana wuri ɗaya ne tak, cikin wayar Kawu.

Na sami direkta a ofis. Na faɗa masa komai, har da haihuwar, ina jin kamar na kwance wa Kawu amanarsa. Ba mugun mutum ba ne, ya yi jimami. Amma ya ce masu dubawa daga Doso suna da kwafin rajistar, za su ga biyar sau shida da hannunta. Uzurin da aka kawo bayan lokaci ba ya cin komai. Shaidar aiki kaɗai doka ta yarda da ita.

"Dokar taka ce," in ji shi. "Ka kawo mini in ji da kunnena kafin sha biyu gobe, zan rubuta sunan da hannuna in sa hannu a gefe. In ba haka ba, ba zan iya ba."

Na koma gidan makoki na nemi Yaya, babban ɗan Kawu, mai motocin ɗaukar kaya. Ni da shi taubasai ne, tun muna yara ba ma haɗuwa sai da tsiya, yana ce mini bawansa, ina ce masa jakin tasha. Na san tun ranar Talata ya tattara agogon Kawu da tabarau da takardu da waya ya kulle a akwatin ƙarfe a ɗakin Inna, matar Kawu, makullin yana aljihunsa. Na fara da wasa, ko zai yi laushi. Bai ko murmusa ba.

"Ba a taɓa kayan mamaci sai an raba gado. Ka sani. Akwai ƙannena ƙanana cikin magada. Liman ya ce ko allura kada ta hita."

"Yaya, awa ɗaya. Aro za ni yi, in kai makaranta in maido."

"Aro," in ji shi, ya juyo ya dube ni sosai. "Da kakanmu ya rasu, wa yaz zo aron kwale-kwale na yini ɗaya kahin rabo?"

Mahaifina ne, Allah ya jiƙansa. Jirgin ya kife da kaya a tsakiyar ruwa, kuma a kan haka uwata da ƴan'uwanta suka yi shekara bakwai ba sa shiga gidan juna. Kawu ne ya yi ta zirga-zirga har ya ɗinke. Yaya yana da wayo lokacin, ya ga komai. Ba ƙeta yake yi mini ba, tsoro yake ji, kuma yana da gaskiyarsa. Amma ni ma raina ya ɓaci. Na ce masa rayuwar mace ce a cikin akwatin nan, ba gado ba. Ya ce da na san da haka da ban tozarta ubansa a gaban ƙananan malamai ba. Ashe labari ya iso gida. Muka rabu kowa na huci, mutane a rumfa suna satar kallonmu.

Yinin nan na zauna kan tabarma ina amsa gaisuwa, hankalina na kan akwati. Har na yi tunanin abin da bai kamata ba, na duba ƙarfin kwaɗon da ido lokacin da na shiga gaida Inna. Sai na tuna wani abu da Kawu ya yi mini ina saurayi. Na faɗi jarrabawa, na gudu na koma lodin albasa a tasha, na rantse na gama da boko. Bai aiko a kamo ni ba. Kullum da rana sai ya zo ya zauna kan buhu da littafina a hannu, yana karantawa da ƙarfi kamar don kansa, ƴan lodi na yi mini dariya. Kwana tara ya yi yana haka. A na goma na karɓe littafin don kunya ta ishe ni, muka taho gida tare. Mutumin da ya yi wannan ba zai so a fasa kwaɗo a gidansa ba, amma kuma ba zai so mota ta tafi ba sunan nan ba. Na rasa inda zan sa kaina.

Alhamis da safe aka yi addu'ar uku. Rumfa ta cika har titi. Direkta ya zo da jakarsa a hammata, na san lis ɗin na ciki, daga nan tasha zai wuce. Masuncin ma yana nan can gefe, bai koma ba, ya kwana wurin ƴan'uwansa a bakin ruwa. Aka shafa fatiha wajen ƙarfe goma. Mutane suka fara tashi. Ina ganin direkta yana neman takalmansa sai uwata ta leƙo daga zaure ta ce Inna na kirana, ni da Yaya.

Inna tana zaune a kan tabarma cikin ɗakinta, ta shiga takaba, carbi a hannu. Mace ce da ba ta taɓa shiga lakwal ba, kuma a shekarun da na yi a gidan ban taɓa jin ta sa baki a maganar maza ba. Ashe uwata ta kai mata komai.

"Buɗe akwatin," ta ce wa Yaya.

"Inna, liman ya ce..."

"Liman ya ce kada abu ya hita. Wa yac ce zai hita? Ni ba magajiya ba ce? Ka ba ni ita a hannuna. Ba za ta bar ɗakin ga ba, ba kuma wanda zai taɓa ta sai ni. Mai son ji ya zo ƙofa ya ji."

Yaya ya sa hannu a aljihu. Ya ɗauko wayar ya ba ta da hannu biyu. Ta danna, ba ta kama ba. Kwana biyu a akwati, caji ya ƙare, kuma tun safe babu wuta a unguwa. Na duba agogo, sha ɗaya saura kwata. Na riga na gaji da roƙon Yaya. Shi da kansa ya fita da gudu, babban mutum da babbar riga, ya dawo da ƙaramin batirin cajin da yake tafiya da shi a mota. Ya miƙa wa Inna igiyar, ya ce mini ba tare da ya dube ni ba, "Tahi ka tare mutumin naka kahin ya hau kabu-kabu."

A bakin titi na cim ma direkta. Ya yi jinkiri, ya ce shiga cikin gida wurin mai takaba ba tsarinsa ba ne. Na ce masa a bayan labule zai zauna. Aka shimfiɗa masa tabarma a ƙofar ɗaki, ni da Yaya muna ciki, matan da ke tsakar gida suka ja mayafi suka yi shiru. Wayar ta kama, ta nemi zanen buɗewa. Ban san shi ba, Yaya ma bai sani ba. Inna ta sa yatsa ta zana shi tashi ɗaya.

"Shekara biyu hannunshi na rawa," in ji ta. "Wa kuke cewa ke riƙe mishi ita ƙarƙashin mangwaro?"

Ba ta iya karanta suna ba, amma ta san hoton kowane ɗalibi. Na faɗa mata wadda muke nema, ta gangara da yatsa ta tsaya kan hoton wani jirgin kamun kifi. Ta danna.

Muryar Kawu ta cika ɗakin. Da ƴar tarin nan tasa ta farko, da kukan kajin gidan a bayansa. "Ɗiyata, ina kwana, ya jiki, ya gida. Tambayar wanga mako..." Wata mace a tsakar gida ta rushe da kuka, aka yi ta ba ta baki. Yaya ya juya fuskarsa bango. Ni na dafe ƙasa da hannu biyu. Inna ko gezau, ta ɗaga wayar sama wajen labule don direkta ya ji da kyau.

Sai amsar ɗalibar, da Faransanci mai tsabta, a hankali, tana lissafa alamomin zubar jini bayan haihuwa da abin da ma'aikacin jinya zai fara yi. Sannan gyaran Kawu, har da tsokana, wai ita da ke iya zana mahaifa a allo gaban aji guda amma ta kasa danna uku. Mako na biyu. Mako na uku, can ƙasa-ƙasa an fara jin jariri. Direkta yana tambayar ranar kowane saƙo, ina leƙawa ina karanta masa ba tare da na taɓa ba, yana rubutawa. Sha ɗaya da rabi ta wuce muna kan na biyar.

A na shida, bayan gyara, Kawu bai kashe ba. Ranar taron nan ce, na gane daga kwanan wata. Ya ce mata, "Sunanki ya hito da ja, amma kada ki damu, ina da aikinki duka. Kuma kada ki riƙe yaron nan a rai. Abin da yaƙ ƙera ya maido muna mutane da yawa. Zahin kai garai, irin nawa na da. Zai huce."

Ban san na yi sauti ba sai da Yaya ya dafa kafaɗata.

A bayan labule muka ji ƙarar zik ɗin jaka, da motsin takarda. Direkta ya ce in fito in gani. Ya rubuta sunan da biro a ƙasan lis, ya sa hannu, ya buga hatimi a kan gwiwarsa. Ya ɗaga murya ya yi wa Inna gaisuwa, ya ce a shekarunsa na aiki bai taɓa karɓar shaida irin wannan ba. Yaya ya ce ɗaya daga direbobinsa ya kai shi tasha. Sha biyu saura minti goma suka fita.

Na koma ɗaki don in yi wa Inna godiya, Yaya kuma ya buɗe akwati zai mayar da waya. Sai ta yi ƙara a hannun Inna, sau uku a jere. Rezo ne ya kama, saƙonnin da suka taru tun Talata suka shigo. Duk daga hoton jirgin nan. Inna ta danna na ƙarshe, na safiyar ranar.

"Baba Malam, ina kwana. Kwana biyu ban ji ka ba, ko lahiya? Yau Alhamis. Na hau tudu tun da sahe ina jira. Ya shiga?"

Muka dubi juna. Inna ta matso da wayar saitin bakina, ta ɗora yatsa kan wurin ɗaukar murya.

"Hwaɗa mata," in ji ta. "Kai kac cire, kai za ka hwaɗa."

Na ce, "Ya shiga. Yana cikin mota, ya kama hanyar Doso. Ki ci gaba da karatu, darasin mako mai zuwa zai zo miki." Inna ta ɗaga yatsa, saƙon ya tafi.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yalwata masa inda yake kwance, ya sa kowace allura da ɗalibansa za su yi daidai ta zama haske a gare shi. Ni kuma ya yafe mini abin da ban samu na roƙa wurinsa ba.

Ba a yi minti biyu ba wayar ta sake ƙara. Inna ta danna. Ana jin iskar tudu, da jariri, da muryarta tana dariyar murna tana hamdala. Sai dariyar ta tsaya.

"Wa ke magana? Ina Baba Malam?"